Ƙaiƙayin da Piriton ya kasa kashewa

Baban Hauwa (Mabera): Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Tambaya gare ni ga likitocinmu. Ɗiyata mai shekara shida na da ciwon fatar nan da asibiti sunka ce ekzima ta, ga bayan gwiwa, ga wuya, ga lanƙwasar hannu. Tun da hunturu ya kama ba ta da barcin kirki, mu ma ba mu da shi. Ana ba ta Piriton da dare, idonta shi rufe amma hannunta bai daina aiki ba, ƙarar susar ke tashe mu, da safe mu iske jini ga zanen gado. In dai maganin ƙaiƙayi na, don mi ba shi kashe ƙaiƙayin? Ko jabu munka saye?

Hajiya Inno (Runjin Sambo): Allah shi ba ta lahiya. Dattin jini na, ɗana. A dahwa ganyen dogon yaro a yi mata wanka da shi da zahinai, a dirje wurin da soso da sabulu mai magani. Kuma a riƙa kwaɓe mata hannu. Yaro in anka bar shi da susa, sabo take zama.

Sani mai kemis (Ƙofar Atiku): Ba lallai jabu ba ne. Ka sauya mata zuwa cetirizine, sannan ka haɗa da man nan mai haɗi uku na cikin tub. Kwana biyu za ka ga fatar ta kwanta. Kullum shi mutane ke saya.

Dakta Asma'u: Wa alaikumus salam. Baban Hauwa, da wuya a ce jabu ne. Piriton yana yin aikinsa, sai dai aikin nasa bai kai inda wannan ƙaiƙayin yake ba. Ku yi haƙuri in ɗan tsawaita, domin da wuya rana ta wuce ban amsa wannan tambayar a wurin aiki ba.

A cikin fata akwai siraran jijiyoyi masu kai saƙo zuwa laka, daga can zuwa ƙwaƙwalwa. Ba na jini nake nufi ba, na ji. Wasu daga cikinsu saƙon ƙaiƙayi suke ɗauka. Abubuwan da ke tayar da su suna da yawa, kuma kowanne da makarɓinsa, wato wurin da yake kamawa, a jikin jijiyar. Histamin ɗaya ne kawai daga ciki. Shi ke fita a borin jini, inda fata ke tashi rudu-rudu ta kwanta cikin awoyi ta sake tashi a wani wuri. Piriton da cetirizine da loratadine duk histamin suke tarewa, shi ya sa borin jini ke jin su sosai.

Ekzima ba ta nan take bi ba. Fatar mai ekzima ba ta riƙe ruwa da kyau, ƙura da sabulu da ƙwayoyin cuta suna samun hanyar kutsawa, sai ƙwayoyin garkuwar jiki su taru a wurin. Waɗannan ƙwayoyin suna da sinadaran da suke aika wa juna saƙo da su, ana kiransu saitokin. Uku ne suka fi shafar maganarmu: IL-4, IL-13 da IL-31. An daɗe ana zaton tsakanin ƙwayoyin garkuwa kawai suke yawo, sai aka gano cewa ita kanta jijiyar tana da makarɓansu, wato kai tsaye suke yi mata magana ba sai sun bi ta histamin ba. A 2004 aka gano IL-31, kuma ɓerayen gwaji da aka sa jikinsu ya riƙa fitar da shi da yawa sun yi ta susa har gashinsu ya zube, fatarsu ta yi miki. A 2017 masu bincike a birnin St. Louis na Amurka, ƙarƙashin Brian Kim, suka nuna wani abu game da IL-4 wanda a ganina shi ne ya fi bayyana halin da Hauwa ke ciki. Shi ba ya jawo susa sosai da kansa. Abin da yake yi shi ne ƙara wa jijiyar saurin ji, kamar an ƙure muryar lasifika: ɗan motsi kaɗan sai unguwa ta ɗauka. Shi ya sa gumi kaɗan, ko ɗinkin wuyan riga, ko suwaitar ulu da kuka sa mata saboda sanyi, ya isa ya tashe ta tsakar dare, alhali ƙanwarta na sanye da irinta tana barcinta lafiya.

To ka ba ta maganin da ya tare histamin, IL-31 da 'yan uwansa ko a jikinsu. Barcin da ka ga ta yi, sa maye ne na Piriton. Jijiyar ba ta yi barci ba.

Alhaji Garba (Gidan Igwai): Dakta, kin tuna min da kulorokwin. Zamanin da muke shan shi don zazzaɓi, kwana biyu nike yi ina susa, tahin hannu, tahin ƙahwa, hal cikin kai. A ba ka Piriton tare da shi amma kamar ba a ba ka ba. Akwai lokacin da nag gwammace zazzaɓin da maganin. Ko shi ma wagga hanya ta?

Dakta Asma'u: Ranka ya daɗe, ka kawo misalin da ya fi nawa. Ƙaiƙayin kulorokwin ya fi yawa a tsakanin baƙar fata na Afirka, likitocin Najeriya sun daɗe da sanin cewa maganin histamin ba ya yi masa abin kirki, kuma mutane da yawa sun riƙa yanke shan maganin saboda shi. Sai a 2009, bayan ƙasar nan ta riga ta bar kulorokwin a matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro, masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins suka gano makarɓin da yake kamawa a jikin jijiyar. Makarɓi ne na daban, babu ruwansa da histamin. Ba hanya ɗaya ba ce da ta ekzima, amma darasin ɗaya ne.

Ɗanjuma (Kware): Karara hwa? Duk wanda yat taɓa shiga fadama ta taɓa shi ya san ba wasa ba ta. Kuma ba ta tada borin jini sosai, ƙaiƙayi na zalla mai zahi.

Dakta Asma'u: Haka ne. Gashin kwanson karara na ɗauke da wani sinadari mai yanka furotin, tun shekarun 1950 aka gano shi, kuma har yau da gashin karara masu bincike ke tayar da ƙaiƙayi marar histamin a fatar mutum idan suna gwaji. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa idan na zo maganar soso.

Hajiya Inno (Runjin Sambo): Dakta, ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na raini ɗiya da jikoki. Na yarda da bayaninki. Sai dai susa ita ka ɓata fata, kowa ya sani. In ba a hana yaro ba, wa ka hana shi?

Dakta Asma'u: Inna, a nan kin yi gaskiya, susa ke ɓata fata, ba zan yi miki musu ba. Inda muka rabu shi ne yadda za a hana.

Ga abin da ke faruwa. Idan mutum ya sosa, ɗan zafi yake jawo wa kansa, saƙon zafin kuma yana danne na ƙaiƙayi a cikin laka na ɗan lokaci. Daɗin susa ke nan. Laka ba hanya ce kawai da saƙo ke wucewa ba, tana da ƙwayoyin da suka keɓanta da ƙaiƙayi. A 2007 aka nuna cewa ɓerayen da aka cire musu wani makarɓi a laka mai suna GRPR sun rage susa ƙwarai, amma suna jin zafi daidai. To amma farcen da ya kawo sauƙin ya yayyaga saman fata. Ƙwayoyin fatar da suka ji rauni sai su saki nasu sinadarin neman agaji, ɗaya daga ciki TSLP, wanda ke kiran ƙarin ƙwayoyin garkuwa kuma yana taɓa jijiyar kai tsaye. Ita ma jijiyar ba karɓa kawai take yi ba. Idan aka takura ta tana fesa nata sinadaran cikin fata, su tayar da ƙwayoyin garkuwar da ke kusa. Garkuwa ta zuga jijiya, jijiya ta sa a sosa, susa da jijiya su sake zuga garkuwa. Idan aka yi watanni a haka, fatar ta yi kauri ta yi baƙi, layukanta su fito ɓaro-ɓaro, wani ma ta yi masa ƙulle-ƙulle masu tauri a ƙafa da hannu. Irin wannan ya fi bayyana a fatarmu, kuma tun da ja ba ya nunawa sosai a baƙar fata, sau da yawa ana raina tsananin ciwon.

Yanzu Inna, yarinyar da ke susa tana barci, me kwaɓa zai koya mata? Ba da saninta take yi ba. Da rana ma, abin da take ji ya fi ƙarfin mai shekara shida, ya fi ƙarfin babba ma. Ina ganin yaran da suka koyi ɓuya a bayan ƙofa ko a makewayi su yi susar don kada a gan su, sai ciwon ya ƙaru da tsoro a kansa. Damuwa kuma da kanta tana ƙara ƙaiƙayi. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a harkar nan, yaro na ciwo ana yi masa hukuncin rashin ji.

Fatima (ɗaliba): Wannan na damuwa gaskiya ne wallahi. Nawa a hannu yake, kuma duk lokacin jarrabawa sai ya tashi ko da ban sauya sabulu ba. Yanzu haka ina karanta zancen nan ina jin jikina na ƙaiƙayi.

Dakta Kabiru (likitan dabbobi): Dakta Asma'u, bari in ƙara daga ɓangarenmu, don mu muka riga ku. Karnuka na yin irin wannan ciwon, su yi ta lasar ƙafa da susa har su yi miki. Tun 2016 aka amince da wata allura a Amurka don karnuka, lokivetmab, wadda IL-31 kaɗai take kamawa. Ba maganin barci ba ce, ba sitiroyid (maganin kwantar da kumburi) ba ce, amma kare kan rage susa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Kare bai san an yi masa magani ba balle a ce kwanciyar hankali ce ta yi aiki. A wurina wannan babbar hujja ce cewa sinadarin ne ke tuƙa ƙaiƙayin.

Dakta Asma'u: Kun riga mu kam. Na mutane mai tare makarɓin IL-31, nemolizumab, sai 2022 Japan ta amince da shi, Amurka kuma 2024. Kafin shi akwai dupilumab tun 2017, allurar da ke tare hanyar IL-4 da IL-13, sannan ƙwayoyin sha masu toshe JAK, wato sinadarin da ke ɗaukar saƙon saitokin ya shigar da shi cikin ƙwayar jijiya. Masu shan waɗannan sukan ji ƙaiƙayin ya sauka cikin 'yan kwanaki, tun fatar ba ta warke a ido ba.

Malam Nasiru (Arkilla): Da girmamawa Dakta, ni nan ne nake da ja. Duk waɗannan sunaye da shekaru, mene ne amfaninsu ga Baban Hauwa? Alluran da kika lissafa ba a kemis ɗin unguwa suke ba, kuɗinsu ya fi ƙarfin ma'aikacin gwamnati balle mai facin taya. Likitocin fata kansu 'yan ƙalilan ne a duk yankin nan. Mutum ya zo da kuka an ba shi labarin ɓerayen Amurka. Sani ko ba komai ya faɗi abin da za a iya saya yau da daddare.

Sani mai kemis (Ƙofar Atiku): Na gode Malam. Kuma ni ban ga laifin Piriton ba. Uwa ta samu barci, yaro ya samu barci, ai shi ma magani ne.

Dakta Asma'u: Malam Nasiru, maganar tsada gaskiya ce mai ɗaci, kuma ba na jin daɗin sanin akwai magani alhali marar lafiyata ba za ta same shi ba. Amma ban yarda cewa ilimin ba shi da amfani ba, domin shi ne ke nuna abin da za a yi yau da abin da za a bari. In ka ɗauka datti ne, za ka ɗauko soso. In ka ɗauka rashin ji ne, za ka ɗauko bulala. In ka san kumburin garkuwa ne ke kunna jijiya, za ka nemi kashe kumburin da gyara fatar, kuma yawancin yara da wannan kaɗai suke samun sauƙi, ba su buƙatar allurar waje.

Soso da sabulu mai magani da ruwan zafi suna kankare ɗan maiƙon da ya rage wa fatar. A hunturun Sakkwato, da leɓen mai lafiya ma ke tsagewa, wannan ƙara wa ciwon ƙarfi ne. Ruwan zafi yana da daɗi lokacin da ake zubawa saboda yana danne ƙaiƙayin kamar yadda susa ke yi, bayan an fito ne ake biya. Fatar da ta tsage kuma tana tara ƙwayar cutar sitaf, kuma a 2023 masu bincike a Harvard suka nuna cewa wannan ƙwayar tana fitar da nata sinadarin mai yanka furotin da ke kunna jijiyar ƙaiƙayi, dangin abin da karara ke yi. Don Allah kada wani ya ji na ce sitaf ya nufi masu tallar magani da lasifika a kasuwa. Wannan a saman fata take zaune, kuma hanyar rage ta ita ce fatar ta warke, ba dirza ba.

Baban Hauwa, wanka gajere da ruwa mai ɗumi kaɗan, da hannu, sabulu marar ƙamshi a inda ya zama dole kawai. A dafa jikin da tawul, kada a goge, sannan tun da damshi a shafe ta da basilin ko man kaɗanya tsantsa, da yawa, safe da dare da duk lokacin da fatar ta yi fari. Rigar auduga a ciki kafin suwaita. A yanke farce. Idan ya taso mata da dare, tsumma mai tsabta a jiƙa da ruwan randa a ɗora, domin sanyi yana da nasa jijiyoyin da ke danne ƙaiƙayi ba tare da an yaga fata ba. Inda ya yi kumburi kuma sai man sitiroyid da likita ya zaɓa.

Sani, barci magani ne, na yarda, kuma nakan rubuta Piriton na 'yan kwanaki idan gida ya rikice. Amma a san don barci aka ba da shi. Yaron da ke sha kullum yana gyangyaɗi a aji, ciwon kuma na nan. Man haɗi uku kuwa ba zan goyi bayansa ba. Yawancinsu na ɗauke da clobetasol ko betamethasone, sitiroyid masu ƙarfi sosai. Fata za ta kwanta a kwana biyu kamar yadda ka ce, shi ya sa ake komawa. Wata da watanni kuma sai ta yi siriri, ta yi haske, ta yi nankarwa, a jariri har yana shiga jini ya taɓa girmansa. Ina ganin iyaye na kwaɓa shi cikin man kaɗanya suna shafe jariri da shi daga kai har ƙafa kullum.

Maman Khalil (Gwiwa): Ni shi ya sa ko likita ya rubuta sitiroyid ba na shafawa. Tsoro nake ji.

Dakta Asma'u: 'Yar uwa, wannan ma cutarwa ce ta wani gefen. Sitiroyid shi ke rage fitar waɗancan saitokin ɗin a fata, in ba a kashe su ba mai kaɗai ba ya isa. Ana zaɓar ƙarfinsa daidai da wurin da shekarun yaro: mai sauƙi irin hydrocortisone a fuska da wuya, mai ɗan ƙarfi a jiki, a kan ciwon kawai, na kwanakin da aka ƙayyade. Awonsa ma sananne ne. Abin da aka matso daga kan ɗan yatsan babban mutum zuwa gaɓar farko ya isa faɗin tafin hannu biyu na babba. Akwai kuma man tacrolimus, ba sitiroyid ba ne, yana da amfani a fuska idan an samu, ko da yake yakan yi ɗan raɗaɗi a kwanakin farko.

Sista Rabi (ma'aikaciyar jinya, Bodinga): A ƙara da wannan don Allah. Kafin a ce ekzima a duba ko ƙazuwa ce. Idan gida duka ana susa, ya fi tsanani da dare, ga ƙuraje a tsakanin yatsu da wuyan hannu da cibiya, ko yaro ya dawo daga makarantar kwana ko tsangaya da shi, to ba mai da sitiroyid ba ne maganinsa, ɓoye shi ma za su yi. Haka makero, sitiroyid faɗaɗa shi yake yi. Ƙazuwa kowa na gidan ake yi wa magani rana ɗaya, a wanke kaya da shimfiɗa. Kuma mutane su sani ƙaiƙayin kan ci gaba sati biyu zuwa huɗu bayan ƙwaron ya mutu. Suna dawo mana suna cewa maganin bai yi ba, su yi ta maimaita shi har fatar ta ƙone.

Dakta Asma'u: Sista, Allah ya saka da alheri. Wannan ci gaban da kika faɗa ma garkuwar ce ba ta huce ba tukuna, ƙwaron ya tafi ita tana nan tana zuga jijiya. Kuma mai ekzima in ya wayi gari da zazzaɓi da ƙananan ƙuraje masu ruwa ko ramuka iri ɗaya da suka bazu da sauri, ko wurin na fitar da ruwan ɗorawa yana ɓawo, ranar za a kai shi asibiti, ba gobe ba.

Malam Nasiru (Arkilla): To yanzu na ga inda bayanin ya sauka. Amma ina nan a kan bakana cewa rashin likitocin fata da tsadar magani ba abin da za mu yi shiru a kai ba ne. Mutumin Isa ko Sabon Birni ba ya da zauren nan, mai kemis kaɗai gare shi.

Sani mai kemis (Ƙofar Atiku): Shi ya sa gara a koyar da mu, Malam, tunda wurinmu ake fara zuwa. Dakta, in kina da lokaci ki rubuto mana waɗanda ba a ba yara, zan tura wa abokan sana'a.

Umar (Tudun Wada): Ku gafarce ni na shigo a makare. Mahaifinmu ya haura saba'in, watanni ke nan shina susa, baya da ƙafafu, amma babu ƙurji ko ɗaya sai shatin akaifunai. Shina da hawan jini da ciwon suga. Wani ya ce mu saya mai pregabalin. Shi ma wanga ciwon na?

Dakta Asma'u: Sani, zan rubuto in sha Allahu. Malam Umar, Allah ya ba Baba lafiya. Nasa daban ne. Ƙaiƙayin da ya wuce sati shida ba tare da ƙurji ba, musamman a dattijo mai suga da hawan jini, sai an duba cikin jiki. Bushewar fata ta tsufa na iya jawo shi, amma ciwon ƙoda da na hanta da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini da matsalar maƙoƙo duk suna zuwa a haka, wasu magungunan ma suna sa shi. Kada ku saya masa pregabalin da kanku. Likitoci na amfani da shi a wasu nau'o'in ƙaiƙayin jijiya, amma ta ƙoda yake fita, in ƙodar ta yi rauni zai taru ya sa shi jiri da faɗuwa. Ku fara shafa masa mai bayan wanka daga yau, sannan ku kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru a yi gwajin ƙoda da hanta da jini. Ku tattara duk magungunan da yake sha, har na gargajiya, ku tafi da su a leda likita ya gani da idonsa.